Warin fitsari da rikicewar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya. Yanzu na sauka daga aikin dare, kun ga ko kayan aikin ban cire ba. Ina bakin titi a Ikeja ina jiran danfo zuwa Agege, sai ku yi haƙuri da hayaniyar. Shekarata shida da baro Zariya, huɗu a ciki a gidan kula da tsofaffi na yi su, ina taimaka wa nas-nas. Na san wasu a gida za su ji abin banbaraƙwai, mu ba mu saba kai tsohonmu irin wannan wuri ba. To, Ikko ba Zariya ba ce. Ɗaki ɗaya ne, kowa ya fita nema tun asuba, ga tsoho ɓarin jikinsa ya shanye.

Muna da Bahaushe guda a gidan, tsohon ɗan kasuwar goro a Agege, Baba nake ce masa. Ranar Talata bayan la'asar sai ya rikice. Yana kirana da sunan marigayiya matarsa, yana laluben takalmi wai mota ta iso za a sauke kaya. Na duba robar da yake fitsari a ciki, ga shi kaɗan, ja kamar shayin da ba madara, wari kuwa ba a magana. Wallahi nan take zuciyata ta yanke cewa ciwon sanyin mafitsara ne. Da na kira 'yarsa ta ce, "Anti, in biya kemis in taho masa da cipro?" Wato maganin kashe ƙwayar cuta. Saura ƙiris in ce to.

Da likita ta zo, ba ta ko kalli robar ba tukuna. Ta ce, yaushe rabonsa da bayan gida? Ruwa nawa ya sha yau? An canja masa magani? Na buɗe littafin da muke rubutawa, sai jikina ya yi sanyi. Kwana huɗu bai zaga ba. Gorar ruwan da na ajiye masa da safe ko rabi bai sha ba, a wannan zafin na Legas. Daga baya ya gaya min dalili: "'Yata, in na sha sai ya zubo min a wando, da wane tsarkin zan yi salla?" Wannan maganar ta tsaya min a rai, don na san tsofaffinmu da yawa haka suke yi, ba sa faɗa.

Ga abin da nake so ku riƙe. Tsofaffi da yawa suna da ƙwayar cuta zaune a mafitsara ba tare da tana cutar da su ba. A gidajen kula da tsofaffi, kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na mata haka suke, maza ma ba a bar su a baya ba, musamman mai kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, da fitsari ba ya ƙare masa. Wanda aka zura wa robar fitsari cikin mafitsara ta daɗe kamar wata guda kuwa, kusan dole a samu. Shi ya sa 'yar takardar nan da ake tsomawa a fitsari ta canja launi ba hujja ba ce a kan tsoho. A Ingila ma shawarar hukumar lafiya ita ce kada a dogara da ita ga wanda ya haura shekara 65. In ka ɗirka masa maganin kashe ƙwayar cuta a banza, ga gudawa, ga ƙwayar ta saba da maganin, ranar da ciwon gaske ya zo ya ƙi ci. Abin da ya rikita shi kuma yana nan ba a taɓa ba.

Ba cewa na yi a yi sakaci ba, don na ga ciwon ya shiga jinin wata tsohuwa cikin dare ɗaya. In yana jin zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, ko zazzaɓi ya haura digiri 37.9 tare da ciwon mara, ciwon kwiɓi ta baya, jini a fitsari, ko yawan fitsarin da bai saba ba, ko yana rawar sanyi, a nemi likita a lokacin. A kuma ɗebi fitsari kafin a fara magani, na tsakiya, a kwalbar asibiti, ba daga jakar roba ba. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa biyu ko a sa shi a firji, domin in ya kwana a goslo ƙwayoyin hayayyafa suke yi, sakamakon ya fito ƙarya. Gwajin shuka ƙwayar cutar a ɗakin gwaji yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku.

Shi Baba an auna zafin jikinsa, an duba suga da maleriya, an saurari ƙirjinsa, duk lafiya. Aka ba shi maganin sassauta ciki, ni kuma na zauna da kofi ina ba shi kurɓi-kurɓi, na yi masa alkawarin canja masa kaya kafin kowace salla. Jiya da asuba ya gane ni, har ya tambaye ni nawa kwandon goro yanzu. Ga motata ta tsaya, bari in shiga kafin ta cika.