Mun fita aikin gayya a Kigali tare da yara

Assalamu alaikum mutanen Katsina da Daura da duk inda kuke kallonmu. Yau Asabar ɗin ƙarshen wata ce, muna Kigali babban birnin Ruwanda, ku duba titi fayau ba mota ba mashin, shaguna duk a rufe, ranar Umuganda kenan. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 11 kowace unguwa mutanenta ke fitowa su yi aikin gari, duk ɗan ƙasa mai shekara 18 zuwa 65 dole ne a kansa, wanda ya noƙe ba dalili akwai tara. Mu baƙi ne ba a tilasta mana, yaran ma shekarunsu ba su kai ba, amma tunda muka zo hutu wajen Abbansu da ke aiki a nan na ce wallahi ba za mu zauna a ɗaki maƙwabta suna yasar kwata ba.

Nan Nyamirambo muke, unguwar da musulmi suka fi yawa. Garin duk tudu da gangare ne, in ruwa ya sauko da gudu yake tahowa, shi ya sa ake yashe magudanai tun kafin damina ta kankama. Bari in juya kyamara ku gani. Ga Abbansu can cikin kwalbati ya naɗe ƙafar wando, yana ɗebo ƙasa da shebur, babban namu ɗan shekara 16 shi ke tura baro zuwa sama, ku ga zufa, rigar nan ta manne masa a baya amma ya ƙi ba kowa baron. Ƙanwarsa kuma ta ɗaure hijabi a ƙugu, wata dattijuwa ta kama hannunta tana gwada mata yadda ake sara da fartanya a gangare ba tare da mutum ya zame ba, ba sa jin yaren juna sam, sai nuni da dariya, kuma aiki na tafiya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da ke fitowa daga kwatar, ƙasa ce da ganye da ciyawa, leda kam da ƙyar ka ga ɗaya, don tun 2008 suka hana ledar zuba kaya, a filin jirgi ma karɓewa suke. Ku tuna in aka yashe lambatu a Ƙofar Ƙaura ko Sabon Layi mi ake tsamowa, ledar fiya wata ce tuli guda.

Iyaye mata 'yan uwana, yaro in ya kai shekarun nan aike da faɗa ba sa kama shi, amma da ya ga ubansa ya shiga kwata da kansa ba wanda ya ce masa ajiye waya, shi ya miƙo min ita ya ce Umma riƙe min. Kuma abin nan namu ne fa tun asali, a ƙauyukan Daura gayya ake kira a yi wa dattijo noma ko a yi yaɓen masallaci, mata su dama fura, makaɗi yana zuga samari. Manyanmu ma sun san Asabar ɗin shara ta zamanin Buhari da Idiagbon, 1984 zuwa 1985. Mutanen Ruwandan nan da suka ga kisan ƙare-dangi a 1994 yau ga su kafaɗa da kafaɗa da shebur, har shugabansu Paul Kagame yakan fito.

To an tashi daga aiki, kun ga kowa ya nemi waje ya zauna kan ciyawa, taron unguwa za a yi yanzu, mai koke ya faɗa, a tsayar da aikin wata mai zuwa. Yaron nan ya matso yana cewa in mun koma gida zai haɗa abokansa su yashe kwatar layinmu kafin ruwa ya sauka, na ce sai ka fara zuwa gaida mai unguwa tukuna, Abbanka ya raka ka. 'Yan layinmu da ke kallo, dan Allah mai shebur ko baro ya ajiye mana, muna tafe in sha Allahu.