Fadama a Saman Dutse: Me Ya Sa Baturen Nan Ya Lume?

Jama'a, bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp, na Baturen da ya lume har cinya a saman dutse, ba haɗi ba ne. Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada sai da aka yi musu, wani har da rantsuwa, wai ruwa ba ya kwana a tudu.

In dutsen Kufena na Zariya yake nufi, yana da gaskiya. Dutse ne zalla, ana ɗauke ruwa ya gangare, ka zauna da farar shaddarka. Amma ku dubi irin wurin da abin ke faruwa. Kinder Scout ke nan a Ingila, tsayinsa mita 636, samansa a baje kamar faranti. Ruwa yau, ruwa gobe, ga sanyi, rana ba ta da ƙarfin busar da komai. Gansakuka da ciyawa in sun mutu ba sa ruɓewa gaba ɗaya, sai dai su taru suna danne juna, kimanin milimita 1 a shekara. Bayan dubban shekaru, ga baƙin soso nan, a wasu wuraren kaurinsa ya fi tsayin mutum.

To, a tsayar da hoton nan. Kun ga wancan fegin mai kore shar, sumul kamar filin ƙwallo? Idon ɗan Zariya zai ce nan ne wurin takawa, ni ma da can zan nufa. Gansakuka ce kwance a kan ruwa, irin wadda ke riƙe ruwa kusan ninki 20 na nauyinta. Ƙarƙashinta ba komai sai taɓo. Wurin da ya kamata ka taka shi ne mai munin gani, inda gajerun itatuwan nan masu ruwan ƙasa suka fito, ko kan tushen ciyawa mai tauri, don su ba sa son jiƙa sosai. Sanda ta riga ƙafa. In ta shige salin-alin, kewaya, ko da hanyar za ta yi nisa.

Sauran kun sani: taswira, kamfas, rigar ruwa, don hazonsu ya fi na hunturunmu rufe ido.

In kuma ka riga ka lume, kada ka fizga. Kishingiɗa baya, ka zaro ƙafa ɗaya a hankali. Mutuminmu fizga ya yi. Ku ƙara kallon ƙarshen bidiyon, ku nemo mini takalminsa na hagu.