Gyaran Gasar Firimiyar Najeriya da Batun Shigo da Kulob-kulob na Nijar

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka ɗauka a wani taron masu horar da 'yan wasa da shugabannin kulob-kulob a Birnin Kebbi.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, iyayenmu da suka daɗe suna yi wa tamaula hidima, masu horarwa, alƙalan wasa, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Tambayar da masu shirya taro suka ɗora mini rassa biyu gare ta: shin tsarin gasar Firimiyar Najeriya yana buƙatar a sake masa fasali, kuma idan za a sake, ya dace a buɗe wa kulob-kulob na Jamhuriyar Nijar ƙofa su shigo su buga tare da mu? A kan ta farko na ce e. A kan ta biyu na ce a'a, in dai babbar gasa ake nufi, ko da yake na san akwai waɗanda wannan amsa ba za ta yi musu daɗi ba a garin da Dosso ta fi Abuja kusa da shi.

An fara gasar ƙasa baki ɗaya a 1972, aka mayar da ita ta ƙwararru a 1990, kuma a yau kulob 20 ne ke buga ta, kowanne wasa 38, rabinsu a waje. A takarda tsarin daidai yake da na Ingila, amma Ingila ba ta da faɗin ƙasarmu, ba ta kuma da irin hanyoyinmu. Daga nan Birnin Kebbi zuwa Fatakwal tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma duk wanda ya taɓa raka tawaga ya san yadda take: yara su kwana a zaune cikin bas, jakunkuna a ƙarƙashin ƙafafunsu, su sauka da kumburarrun sawu, mai tausa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙanƙara, washegari da la'asar a ce su fita su kara da mutanen da suka kwana a gadajensu. Idan muna kukan cewa da wuya a ci wasa a waje a gasarmu, muna ɗora laifin a kan alƙalan wasa da barazanar magoya baya, kuma suna da nasu kason, amma hanya ma tana da nata. Ba mu manta da harin da 'yan fashi suka kai wa motar Kano Pillars a watan Maris na 2015 a kan hanyarsu ta zuwa Owerri ba, inda 'yan wasa suka jikkata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin tafiya kaɗai ya isa ya durƙusar da kulob ɗin da yake jiran gwamnatin jiha ta sakar masa kuɗi.

Hukumomi sun san da wannan, domin duk lokacin da lokaci ya ƙure musu, rabawa suke yi. A 2018 an tsayar da gasar bayan wasa 24 saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, wato NFF, a 2019 aka raba kulob 24 rukuni biyu, sannan shida na sama suka haɗu a Legas. Haka aka sake yi a 2023 da kulob goma-goma, a ƙarƙashin kwamitin riƙon da ya maye gurbin kamfanin LMC da ke gudanar da gasar a da, kuma Enyimba ce ta ɗauki kofin a duka biyun. Sai dai an yi rabon ne a matsayin maganin gaggawa, ba bisa kusancin garuruwa ba, har kulob ɗin Maiduguri ya zauna rukuni ɗaya da na Uyo. Abin da nake ganin ya dace shi ne a mayar da rabon doka, a yi shi bisa taswira kamar yadda ake yi a gasar NNL mai daraja ta biyu, sannan waɗanda suka fito daga kowane rukuni su kara gida da waje maimakon a tattara su a gari guda, domin mai goyon baya a Katsina ya ga zakaran Kudu a filinsa. Masu cewa wannan zai shigo da siyasar Arewa da Kudu cikin ƙwallo suna da hujja, kuma zagayen ƙarshen nan shi ne amsarsu.

Yanzu ga batun Nijar, wanda na fahimci abin da ke jan hankali zuwa gare shi. Arawan da ke Kangiwa 'yan'uwan na Dogon Dutsi ne, Dandawan Kamba da na Gaya kasuwa ɗaya suke ci, masuntan Nijar suna zuwa bikin kamun kifi na Argungu, 'yan kokawarmu kuma sun san takwarorinsu na can da sunayensu. Tafiyar Yamai ta Kamba da Gaya da Dosso ba ta kai rabin ta Fatakwal ba. Sannan Nijar ba baƙuwar ƙwallo ba ce: tawagarta ta Mena ta buga gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, ƙasar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019, kuma kulob ɗin jandarmomi na US GN ya kai matakin rukuni a kofin Confederation a kakar 2021 zuwa 2022.

Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalan waje, don haka bari mu duba su da kyau. Monaco tana buga gasar Faransa, har ta ɗauki kofi a 2017, amma ƙasar Monaco ba mamba ba ce a FIFA, ba ta da gasar da za a ce an raunana. Kulob-kulob na Liechtenstein, irin su Vaduz, suna bugawa a Suwizalan saboda ƙasarsu ba ta da gasar lig ko kaɗan, kuma ba su da ikon ɗaukar gurbin Suwizalan a gasannin Turai, sai dai su bi ta kofin ƙasarsu. Cardiff da Swansea sun shiga tsarin Ingila tun kafin Wales ta kafa tata gasar a 1992, kamar yadda Toronto ta shiga gasar MLS ta Amurka a 2007, shekara 12 kafin Kanada ta fara tata. A duk waɗannan, baƙon ya shigo ne domin babu gasa a gidansu a lokacin. Nijar kuwa tana da hukumarta ta FENIFOOT da gasarta, kuma idan aka ɗebe mata manyan kulob-kulob ɗinta irin su AS FAN da AS GNN da Sahel, abin da zai rage ba zai ja 'yan kallo zuwa filin Seyni Kountché da ke Yamai ba. Ban ga dalilin da zai sa hukumar can ta sa hannu a kan haka ba, alhali dokar FIFA ta ce ba a yin irin wannan sai a yanayi na musamman, da amincewar hukumomin ƙasashen biyu da ta hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, da ta FIFA kanta. Ga kuma rigimar gurbi: idan kulob ɗin Yamai ya zo na ɗaya a gasarmu, da tutar wace ƙasa zai tafi gasar zakarun Afirka?

Babbar matsalar dai ita ce iyaka. Gasar lig alkawari ce cewa ranar kaza da ƙarfe kaza za a yi wasa, kuma ba mai iya ɗaukar wannan alkawari a madadin iyakarmu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, aka buɗe Illela da Maigatari a Disamba na 2020, amma Kamba da Jibiya sai a Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa bisa takunkumin ECOWAS har zuwa farkon 2024, kuma a Janairu na 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar. Da akwai kulob ɗin Maradi a gasarmu cikin shekarun nan, da kaka nawa ya kammala? Ko a inda ake zaman lafiya, lokacin korona sai da kulob-kulob na Kanada suka yi ƙaura zuwa Amurka, Wellington Phoenix ta New Zealand ta tare a Ostareliya, kuma su suna da kuɗin yin haka. Ban ma taɓo batun albashi ba, inda wani ke lissafi da naira wani da sefa, farashin canji yana hawa da sauka a tsakiyar kwantiragi.

Akwai kuma wata magana da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tun da Zamfara United ta faɗo daga babbar gasa, an haura shekara goma babu kulob ɗin Kabi ko Sakkwato ko Zamfara a cikinta, don haka ko an shigo da na Nijar gobe, Kano da Katsina za su je, ba filin Haliru Abdu da ke nan Birnin Kebbi ko na Sardauna da ke Gusau ba.

Abin da zai amfane mu shi ne kofin kan iyaka, wanda za a buga kafin a fara kaka: kulob huɗu daga Kabi, Sakkwato, Zamfara da Katsina, huɗu daga Dosso, Tawa, Maradi da Yamai, cikin mako biyu, bana a wannan ɓangare, baɗi a wancan. Irin wannan gasa ba ta taɓa gurbin kowa a CAF, ba ta ƙwace wa Nijar kulob ko ɗaya, idan kuma iyaka ta rufe, shekara guda aka rasa, ba a rushe jadawalin kulob 20 ba. Izinin da take buƙata ya fi sauƙin samu, kuma shugaban NFF da aka zaɓa a Satumba na 2022, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, ɗan wannan yanki ne da ya taɓa shugabantar hukumar ƙwallon Zamfara, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ina roƙon shugabannin hukumomin ƙwallo na jihohin da ke wannan zaure su rubuta masa takarda guda da sa hannunsu duka, su haɗa da kiyasin kuɗin masauki da mota da alawus na alƙalan wasa, kuma su nemi a sa jami'an kwastan da na shige da fice na Kamba da Illela cikin kwamitin shiri tun daga zaman farko.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata domin a karɓi tambayoyi. Wassalamu alaikum.