A Daina Fakewa da Talaka Ana Cinye Daji

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Tun da aka shiga watan Satumba, lokacin da mabiya ɗarikar Katolika kan keɓe daga ranar 1 ga wata zuwa 4 ga Oktoba suna addu'a da dashen itatuwa saboda halittun Ubangiji, wata magana ta dawo tana yawo a majalisu da shafukan Facebook. Wai jama'a na kwana da yunwa a Bauchi da Gombe, coci kuma ta bar su ta koma kukan giwa da bishiya. Wai kare daji damuwar Turawa ce waɗanda suka ci suka ƙoshi, mu nan sai mun ci tukuna. Wasu har da ƙarin gishiri: ina ruwan Fafaroma da gawayinmu?

Wannan magana ta ishe ni, wallahi ta ishe ni. Duk sanda aka taɓa batun daji sai a jawo talaka a tsayar a gaba, a laɓe a bayansa. To yau sai mu duba mu ga wane ne a laɓe.

Mu fara da abin da cocin ta ce, tunda yawancin masu sukar ba su taɓa jin sa ba. A 1992 Cocin Katolika ta fitar da babban littafin koyarwarta, wanda ake karantar da masu shiga addinin da shi. Batun dabbobi da tsirrai da ma'adinai yana ciki, kuma an ajiye shi ne ƙarƙashin doka ta bakwai a lissafinsu na Dokoki Goma, wato dokar da ta ce kada ka yi sata. Ku sake ji: ƙarƙashin sata. Hujjarsu ita ce, Allah ya yi arzikin ƙasa domin 'yan Adam duka, har da waɗanda ba a haifa ba. Wanda ya kwashe shi kaf a zamaninsa, hakkin wani ya ci. Suna kafa hujja da Littafin Farawa, inda aka ce an sa Adamu a gonar Aidan don ya nome ta ya kuma kiyaye ta, da Littafin Firistoci, inda aka umarci Isra'ilawa su bar gona ta huta kowace shekara ta bakwai, aka kuma ce musu ƙasa ta Allah ce, su baƙi ne a kanta.

Kuma tsohuwar magana ce a wurinsu. Fafaroma John Paul na Biyu ya yi ta a saƙonsa na ranar zaman lafiya ta 1990. Benedict na Sha Shida ya maimaita a 2010, ya ce mai son zaman lafiya ya kare halitta. Sai marigayi Fafaroma Francis, wanda ya rasu a Afrilun 2025, ya rubuta doguwar wasiƙa sukutum a kai a 2015, mai suna Laudato Si', ya ƙara wata a 2023 don ya ga duniya na jan ƙafa.

Yanzu ga mai cewa ra'ayin Turawa ne. Da ya buɗe wasiƙar nan ta 2015, da ya ga Turawan ne suka fi shan suka a cikinta. Francis ya ce ƙasashe masu arziki bashi ne a wuyansu, bashin ɓarnar muhalli, saboda su suka kwashe albarkatun ƙasashe irin namu, su suka cika sama da hayaƙi, mu kuma muke shan zafin. Ya ambaci dazukan Amazon da na Kwango da sunansu. Ya kuma ce kukan ƙasa da kukan talaka tare ake sauraronsu. Haka mai kare muradun Turawa yake magana? A bar wannan zance.

Mu dawo gida. Duk mai bin hanyar Bauchi zuwa Ningi, ko ta Alkaleri, ko ta Toro, ya san abin da idonsa ke gani: buhunan gawayi jere a bakin titi, manyan motoci suna lodi suna nufar birane. Ku tambayi kanku yadda buhun nan ya samu. Ana kayar da ɗanyen itace, a sassare shi, a tara, a binne da ƙasa, a sa wuta tana ci a hankali kwana da kwanaki. Abin da ke fitowa ɗan kaɗan ne a kan abin da aka ƙona, saura duk hayaƙi ya tafi da shi. Kuma ba kowane itace suke so ba. Ƙirya suke nema, da marke, da kaɗanya, masu tauri waɗanda sai sun yi shekaru aru-aru kafin su kai girman da ake kayar da su cikin 'yan mintoci da inji.

Injin nan na wa? Man da aka zuba masa, wa ya saya? Motar da ta ɗauka, ta wa? Na goron da aka miƙa a kowane shinge har ta wuce, daga aljihun wa ya fito? Talakan da ake ta ambato ba shi da ko ɗaya. Shi dai an ba shi ladan yini, ya shaƙi hayaƙi, in an kama shi ne a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka aka yi da madobiya: dillalai suka yi ta kwasar ta daga dazukan arewa maso gabas ana kai wa Sin, har sai da hukumomin duniya suka sa wa cinikin takunkumi. Ku nuna mini ƙauye ɗaya da ya yi arziki da kuɗin madobiya.

To wa aka yi wa satar? Matar da ke tsintar 'ya'yan kaɗanya ta yi man kaɗe ta sayar a kasuwar ƙauye, ita aka yi wa. Wadda ke dafa kalwa ta yi daddawa, ranar da aka kayar da ɗorawar nan jarinta aka kayar. Makiyayin da ke sassabe wa shanunsa ganye da rani. Mai maganin gargajiya da yanzu sai ya yi tafiyar yini kafin ya sami saiwar da a da take bayan gari. Manomin da iska ke kwashe masa ƙasar sama ta bar masa fako. A cikin garin Gombe, ku je ku ga yadda zaizayar ƙasa ta haƙa kwaruruka tana cin gidaje, ku duba gidajen su wa take ci. Mai kuɗi ya tashi ya koma unguwa mai kwalbati. Ruwan sama in ya sauka a ƙasar da ba saiwar da za ta riƙe shi, ba ya tsayawa ya shiga rijiya, gangarowa yake da laka da yashi ya faɗa wa na ƙasa. Wannan sata ce, jama'a, kuma daga talaka ake yin ta, da sunan talaka.

Akwai inda nake sassautawa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, gas da kananzir sun fi ƙarfin gidaje da yawa, kuma ba mai hankalin da zai ce wa uwa ta bar 'ya'yanta da yunwa don ta tausaya wa bishiya. Ita ba ɓarauniya ba ce. Haka manoman ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, waɗanda giwaye kan shiga gonakinsu cikin dare su tattake noman shekara, suna da gaskiya in sun yi fushi, kuma wa'azi ba ya mayar musu da dawarsu. Diyya suke buƙata daga gwamnati. Amma ko a nan, masu cewa coci ta fifita dabba a kan mutum sun yi mata ƙazafi. Littafin koyarwar nan ya halatta cin nama da sa dabba aiki, ya kuma ce bai dace a kashe wa dabbobi kuɗin da ya kamata a rage wa mutane wahala da shi ba. Abin da ya hana shi ne zalunci da ɓarna. Dafa tuwo daban, cika tirela daban.

Mu zo kan Yankari ɗin. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Yana cikin 'yan wuraren da suka rage a Najeriya da giwaye ke yawo a sake. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa da ɗuminsa na wajen digiri 31, rani da damina, yana malala zuwa kogin Gaji. Mutanen da suka shata wannan daji shekaru saba'in da suka wuce ba su fi mu wadata ba. Sun fi mu talauci nesa ba kusa ba, amma suka bar mana shi. Mu kuma me muka yi? Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari ƙarƙaf, sai da aka karɓo kyauta daga Namibiya aka ajiye a Sumu ta ƙaramar hukumar Ganjuwa. Abin kunya, dabbar da sunanta ke cikin tatsuniyoyinmu sai an yo mana aronta daga kudancin Afirka.

Wani zai ce, to in raƙumin dawa ya ƙare, me ya ragu a tukunyata? Amsar Francis a nan ta addini ce tsantsa, kuma ina ganin duk mai imani zai gane ta. Ya ce kowace halitta tana da daraja a gaban Mahaliccinta ko da ba ta amfane mu da komai ba, kuma duk jinsin da muka ƙarar mun rufe bakin da ke yabon Allah da kasancewarsa, alhali ba mu da wannan iko. Shi ya sa ya nemi a bar wasu wurare kamar yadda Allah ya yi su, ba noma, ba haƙa. Musulmi da ya san cewa babu wani abu face yana tasbihi ga Ubangiji, me zai musa a nan? A cikin wasiƙar ma Fafaroman ya kawo maganar wani malamin Sufaye, Ali al-Khawwas. Kuma mun san wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, cewa kada su sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan. Mu muna sarewa ana zaman lafiya.

Sai masu cewa a share dazukan kawai tunda sun zama maɓoyar masu garkuwa da mutane, kamar yadda ake fama a yankin Lame-Burra da sassan Alkaleri. Wannan ma ba ta shiga. Ɓarayi sun sami daji ne saboda hukuma ta janye ƙafarta: malaman daji sun yi ƙaranci, masu gadi ba kayan aiki, wasu ma sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Hanyar da motar katako ta buɗe ita babur ɗin ɗan bindiga ke bi. A mayar da ma'aikata, a biya su, a ba su abin kare kansu.

Ga kuma Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, inda marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Amma rijiyoyin suna yankin Alkaleri, ƙaramar hukuma ɗaya da Yankari. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce gyara ƙasar Ogoni ta yankin Neja Delta, wadda malalar mai ta gurɓata, zai ci shekara 25 zuwa 30. Su ma da sunan fitar da talaka daga talauci aka shiga musu. Wa ya zauna da masu unguwannin Alkaleri ya karanta musu, da Hausa, abin da zai sami rijiyoyinsu da fadamunsu in bututu ya fashe?

Ita ma cocin ba zan ƙyale ta ba. Dayosis ɗin Katolika na Bauchi, wato yankin da Bishop ɗaya ke kula da shi, ya haɗa jihohin Bauchi da Gombe duka, yana da majami'u daga Tafawa Balewa da Bogoro har Billiri da Kaltungo. Koyarwa mai nauyi irin wannan ba ta da amfani in tana kwance a kabad da Turanci. Ranka ya daɗe Bishop, Fada, malam katikis: ku faɗe ta da harshen da tsohuwa za ta ji. Dashen da ake yi don hoto, a watse a bar wa awaki, ba shi ake nufi ba. A kewaye shi, a sa mai ba shi ruwa har ya wuce rani biyu. In kuma dillalin gawayi ya kawo baiko mai tsoka ranar godiyar kaka, a iya duban idonsa a gaya masa a ƙarƙashin wace doka littafinku ya sa sana'arsa. Allah gafarta malam, liman, kai ma haka in ya kawo gudummawar ginin masallaci.

Gwamnatocin jihohin nan biyu suna cikin jihohi 11 na shirin babbar katangar itatuwa ta hana kwararar hamada, Gombe kuma tana da nata shirin dashen tun 2019. Madalla. Sai dai ana dasa tsiro da safe, ana kayar da ƙirya mai shekara ɗari da dare. An sha sanar da haramcin sare itatuwa da safarar gawayi, motocin kuma ba su fasa wucewa ba. Tirela ba ta bi ta sama. Ta gaban hakimi take fitowa, ta wuce shingen jami'ai, ta shiga tasha a yi mata rasit. Duk wanda aka kama ya zuwa yanzu da gatari a kafaɗa, a tambaye shi wa ya aiko shi, a kira mana sunan mai motar a wannan gidan rediyo.