Yawon buɗe ido a kan keke, da dalilin da ya sa ƙananan garuruwa ke son sa

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau maganar mutanen nan za mu yi masu ɗaura jaka biyu a kariyar keke su kama hanya, wani kwana biyar, wani sati biyu, wani ma wata shida yana tafe, kuma ba tsere suke ba, ƙasa kawai suke son gani a tsanake.

Abin ya daɗe fa. Tun 1884 wani Bature mai suna Thomas Stevens ya tashi daga San Francisco a kan tsohon keken nan mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya, inda teku ta tare shi ya shiga jirgin ruwa, sai ƙarshen 1886 ya ƙare tafiyar a Japan. To amma a zamaninsa sai mai ƙarfin hali. Abin da ya canza yanzu shi ne hanya.

A Turai akwai wani tsari da ake kira EuroVelo, manyan hanyoyin keke 17, in an kammala su duka sun haura kilomita 90,000. Ta 6 ta taso daga bakin tekun Atlantika a Faransa har Bahar Aswad a Romaniya, kuma a cikinta akwai wani yanki da ke bin gefen kogin Danube daga Passau a Jamus zuwa Vienna, wajen kilomita 320, shimfiɗe yake ba wani hawa, har da yara ake bi.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tsohon layin dogo. Kun san jirgin ƙasa ba ya iya hawa tudu mai tsayi kai tsaye, to duk inda aka taɓa shimfiɗa dogo an riga an sassauta hawan, ga gadoji ga ramukan da aka fasa cikin dutse, sai kawai a cire ƙarafan a gyara ƙasa, hanyar keke ta samu ba mota ko ɗaya. Sifaniya tun 1993 take wannan aikin.

Yanzu maganar kuɗi, nan nake so mu ɗan tsaya. Mai mota zai iya shafe kilomita 300 bai taka birki ba sai a gidan mai. Mai keke kuwa in ya yi hamsin ko sittin a yini ƙafa ta gaji, yunwa ta kama shi, ruwansa ya ƙare, kuma ba ya iya ɗaukar kaya da yawa, dole a garin da yamma ta riske shi zai ci, a nan zai kwana, in taya ta yi faci a nan zai gyara, gobe kuma gari na gaba ya samu nasa rabon. Garin da babbar hanya ta kauce wa, wanda ba wanda ke tsayawa, shi ne ke cin moriyar. Wani bincike da aka yi wa majalisar dokokin Tarayyar Turai a 2012 ya ƙiyasta harkar tana kawo kusan yuro biliyan 44 a shekara a nahiyar.

A Jamus har alama ake ba masauki, Bett+Bike, sharaɗin ka karɓi baƙo ko da kwana ɗaya zai yi, ka ba shi wurin kulle kekensa, da inda zai shanya rigar da ruwan sama ya jiƙa, da kayan gyara. Ƙananan abubuwa ne, amma wanda ya wuni yana taka feda ya san darajarsu.

Sai kuma keke mai batir, ya shigo da dattawa da waɗanda hawan tudu ke ba tsoro, korona ma a 2020 ta tura mutane da yawa kan keke.

Gaskiya inda ake cuɗa mai keke da tirela a titi ɗaya ba wanda zai kawo iyalinsa, komai kyan wurin. Shi ya sa nake son abin da Japan ta yi a Shimanami Kaido, kilomita kusan 70 daga Onomichi zuwa Imabari, ana tsallaka tsibirai shida, a kan gadojin an ware wa keke nasa layin. An ja shuɗin layi a gefen titi, shi za ka bi ba za ka ɓata ba, ka ɗauki hayar keke a wannan bakin ka ajiye shi a wancan.