Meri da Jama'ar Gari: laccar da aka gabatar a Tawa

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakuna, malamai, mata da samari, sannunku da zuwa. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abubuwa uku zan taɓo. Na farko, ƙananan hukumominmu yara ne. A watan Yulin 2004 aka yi zaɓen da ya kafa majalisu a kwamin 265 na ƙasar nan ta Nijar. Kafin nan kusan komai daga Yamai yake saukowa. Amma gayya fa? Adashin mata fa? Samariya ta zamanin Kunce? Duk sun girmi meri, wato ofishin magajin gari. Saboda haka magajin gari ba shi zai koya wa mutane haɗa kai ba, a haɗe ya tarar da su.

Na biyu, kwamitin makaranta, COGES. Ku yi haƙuri, nan zan daɗe, don a jiharmu ta Tawa aka fara gwajin sabon tsarinsa a 2004, da tallafin Japan, sannan ya bazu ƙasa baki ɗaya. Me aka sake? Yadda ake zaɓe. A da, ɗaga hannu ake yi a gindin bishiya. Ƙanen mai gari na tsaye, mai gari na kallonka, wa zai bar hannunsa ƙasa? Ranka ya daɗe, na ga kana dariya, ai ka san zancen! Sai aka ce a'a, ƙuri'ar asiri. Mace ta zaga bayan zana ita kaɗai, ta zaɓi wanda ta yarda da amanarsa, ko mijinta bai sani ba. Bayan zana, jama'a! Daga nan aka samu ma'ajin da zai tsaya gaban taro ya ce jaka kaza ta shigo, jaka kaza ta fita, ga takarda. Wanda ya ji lissafi da kunnensa, gobe shi zai kawo kara da azara a kafa aji.

To amma ajin kara ajin kara ne. Iska ta ɗauke, damina ta rusa, ga tsoron gobara. Siminti da kwano da tebura sun fi ƙarfin ƙauye. A nan meri take da aiki: ta karɓi tsarin da kwamitin ya rubuta, ta sa shi cikin kasafin shekara tun kafin a rufe, kada a bari sai ranar yanke ƙyalle sannan a kira mutane. Ku dubi aikin raya ƙasa na Keita tun 1984, matan da suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna raya faƙo. An san ƙarfinmu.

Na huɗu... a'a, na uku ko? Kwamitocin filaye na dokar karkara ta 1993, manomi da makiyayi da sarki da meri a zaure guda. Lokaci ya ƙure, sai wani zama.

Hajiya, bismilla.

Tana tambaya ne, tunda an rusa majalisun a watan Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, da wa za a haɗa kai? Hajiya, da kantoman. Harajin da kike biya bai tsaya ba, kasafin ma bai tsaya ba. Kansilan da zai kai kukanku ne babu, saboda haka ku kai da kanku. Ku rubuta buƙatar ƙungiyarku, ku je ku uku ko huɗu, a buga hatimi a kofi ɗaya ku dawo da shi gida. Ranar kasuwa ta sama ku sake komawa.