Ƙwaƙwalwar Tunkiya a Ajin Ilimin Halayya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga ajina nake yi muku magana a nan jihar Ohayo ta Amurka, kuma har yanzu murna ba ta sake ni ba. Makaranta ta sayo mana ƙwaƙwalwar tumaki guda 12 a cikin ruwan magani, kowace kusan dala 15, domin darasin sassan ƙwaƙwalwa. Da na buɗe bokitin sai ɗalibaina suka ja da baya suna toshe hanci, ni kuwa zuciyata ta tafi Zariya, washegarin Babbar Sallah, lokacin da ake babbake kan rago kakata tana fasa ƙoƙon da gatari. Abin da muka taso muna gani a tsakar gida shi ne yau kayan karatu.

Na sa safar hannu na ɗaga guda ɗaya, na nuna musu ƙaramin sashen baya mai ƙananan layuka, wato serebelam, wanda ke daidaita tafiya da tsayuwa. Da na ce aikin gani a ƙeya ake yin sa alhali idanu suna gaba, sai wata yarinya ta dafa bayan kanta ta yi shiru.

Inda suka fi nutsuwa shi ne sashen goshi, mai riƙe da tsari da kamun kai. Na ba su labarin Finiyas Gej, ma'aikacin layin dogo a jihar Bamon ta Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba sai a 1860, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa suka ce ba shi ba ne. Da na ƙara da cewa wannan sashe ba ya gama girma sai mutum ya kai wajen shekara 25, wani yaro ɗan shekara 16 ya ɗaga hannu ya roƙe ni in rubuta wa mahaifiyarsa hakan.

Ɗan uwana malami, ina gargaɗinka kada ka fara da jerin sunayen Latin a kan allo, domin bara na yi haka, mako guda bai cika ba suka manta. Kuma ka buɗe tagogi kafin ka buɗe bokitin, saboda warin maganin yana sa ido hawaye.